Gaɓa 500 a bakin hunturu: yadda muka zaɓi waldar wani babban bututun ruwa a jihar Gombe

Bututun sun fara isowa a ƙarshen watan Nuwamba, tirela na bin tirela, ana sauke su a gefen hanya. Kowane ɗaya tsawonsa mita 12, faɗinsa milimita 1016, kaurin ƙarfensa milimita 10. Kafin mu sa maigadi, yaran ƙauyen sun riga sun mai da su wurin wasan ɓuya. An shafe cikinsu da siminti tun daga masana'anta, an rufe bayansu da baƙin shafi mai hana tsatsa, sai kamar taƙi guda da aka bari tsirara a kowane baki domin walda. Layin kilomita 6 ne, daga gidan famfo zuwa tankin da ke kan tudu. In ka raba da 12, gaɓa 500 ke nan, ban da kwana da mahaɗar bawul. Kowace gaɓa kuma zagayenta ya haura mita 3.

Ni ne injiniya mai sa ido a madadin masu aikin. Na bar sunan kamfanin da na wurin, domin akwai kurakurai a labarin, har da nawa.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san darajar babban bututu. Ruwan da garin ya fi dogaro da shi daga madatsar Dadin Kowa yake tasowa, a kan kogin Gongola, tafiyar kusan kilomita 40, kuma tura shi ake yi sama da ƙarfin inji. Ranar da babban layi irin wannan ya fashe, ba gida ɗaya ke kwana da ƙishi ba. Unguwanni ne, kuma washegari kuɗin jarka a hannun 'yan garuwa ya tashi. Da wannan a raina na zauna taron farko a kwantenar da muka mai da ofis.

Mu huɗu ne a taron: ni, da manajan ɗan kwangila wanda kowa ke ce wa Alhaji, da wani matashin injiniyansa, da shugaban masu walda, dattijo mai furfura da ya yi shekaru yana aikin bututun mai a kudu. Baba muke ce masa.

Alhaji ya fara da tambayar da ta dace. Ya ga ɗinkin da ya nannaɗe jikin bututun kamar karkace, sumul ba gargada, ya ce me zai hana a kawo irin injin da ya yi wannan. Wannan ɗinkin waldar ƙarƙashin hoda ce: ana zuba garin kariya a kan gaɓa, waya na narkewa a ƙarƙashinsa, ko hasken wutar ba a gani. Babu wadda ta kai ta sauri da tsabta a kan ƙarfe mai kauri. Amma gari zuba shi ake yi, nauyinsa ne ke riƙe shi a wurin, don haka sai a shimfiɗe take aiki, bututun na juyawa a ƙarƙashin inji. Bututun da ke kwance a rami ba ya juyawa. Mai walda ne zai zagaya shi, daga sama, ya bi gefe, ya ƙare a kwance rigingine yana kallon cikinsa. Mun ɗan tattauna haɗa bututu bibbiyu a fili da wannan injin kafin a kai su rami, yadda ake yi a manyan ayyuka, amma ba mu da shi, kuma jan bututu mai mita 24 a kan hanyar da ta ratsa gonaki da kwari wata wahalar ce daban. Waldar TIG ma, wadda ake yi da tsinken da ba ya narkewa ana ɗiga waya da hannu, ba ta ɗauke mu minti biyar ba. Tana da kyau, amma tafiyar hawainiya gare ta, ga gas ɗin agon da take sha.

Akwai abin da na faɗa a wannan taron wanda har yau nake ganin shi ne jigon lamarin, ko da yake bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rabin zaɓin an yi shi tun ranar da aka yi odar bututun. Namu sun zo da baki a fiƙe, na haɗin baki da baki, wanda dole walda ta ratsa kaurin ƙarfen gaba ɗaya. Ƙa'idar AWWA C206, ta ƙungiyar masana ruwa ta Amurka, wadda ta shafi waldar bututun ruwa a fili, ta yarda da wani haɗin: a buɗa bakin bututu ɗaya, ɗayan ya shige ciki, a zagaye leɓen da walda. Wannan ya fi sauƙin daidaitawa, yana yafe 'yar karkata, kuma mai walda matsakaici zai iya yin sa da kyau. Da an tambayi wanda zai shiga ramin kafin a sa hannu a takardar oda, wataƙila da shi aka zaɓa a wuraren da layin yake miƙe. Tun da ba a yi ba, sai muka tsaya a kan hanyoyi uku.

Matashin injiniyan yana son MIG, wato waya mai tafiya da kanta daga inji, gas na fitowa ta bakin bindiga yana kare narkakken ƙarfe daga iska. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Kowace gaɓa tamu tana cin kimanin kilo 2 na narkakken ƙarfe. Da sandar walda, kowane minti ɗaya ko biyu sai an tsaya an sauya sanda, an yar da guntu, an kankare kashin maƙera. Da waya babu wannan. Ya buga lissafinsa a kwamfuta, ya nuna za a rage makonni. Alhaji, wanda dizal da hayar katafila ke cin aljihunsa kullum, ya gyaɗa kai.

Baba bai ce komai ba sai da aka juyo gare shi.

“Injiniya, lissafinka daidai ne,” in ji shi. “Amma a ɗaki ka yi shi. Ka bari mu je bakin ramin da hantsi.”

Shi sanda yake so daga tushe, wato zagayen walda na farko a can cikin tsagar gaɓa, har rufi, zagaye na ƙarshe a sama. Ni kuma na kawo ta uku: a yi tushe da sanda, a cike da waya mai hoda a cikinta, irin wadda ba ta buƙatar gas. Maimakon gardama, muka yarda a yanka bututu ɗaya gunduwa-gunduwa, a kai bakin layi, a gwada kowace hanya a inda za a yi aikin, a lokacin da za a yi shi. Za a ɗauki hoton eksire na kowace gaɓa, sannan a yanki falle-falle a kai ɗakin gwaji a ja, a lanƙwasa, a karya, yadda ƙa'idar waldar bututun mai ta API 1104 ta tsara, domin ita takardar kwangilar ta ambata wajen tantance walda da masu walda.

Ranar gwajin MIG ta faɗo a tsakiyar Disamba. Da sassafe garin shiru, hazo ya rufe tsaunuka. Wajen ƙarfe goma iskar ta taso daga arewa maso gabas, irin wadda ke busar da leɓe. Ƙa'idar walda ta AWS D1.1 ta ce kada a yi walda mai dogaro da gas in iskar da ke wurin ta wuce kilomita 8 a awa, sai an yi mata shamaki. Kilomita 8 a awa ba wata iska ba ce, da ƙyar take kaɗa ganyen darbejiya. 'Yar na'urar auna iska da ke hannuna ta wuce nan tun kafin a kunna inji. Aka kafa rumfar tamfol a kan gaɓar. Sai ga abin da babu wanda ya lissafa: iskar ta shiga ta bakin bututun ta fito ta tsagar gaɓar, tana busa kamar sarewa, tana kore gas ɗin daga ƙasa. Aka toshe bakunan da katako da buhu. Yanzu kuma hayaƙi ya cika rumfar, mai waldar na fitowa yana tari. Na tsaya ina tunanin ɗaga wannan rumfa da kafa ta sau 500.

Da ido, ɗinkin ya yi kyau a sama. Fim ɗin eksire ya nuna ƙananan ramuka a tattare kamar saƙar zuma a gefen da iskar ta fi bugawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya fito ne a wajen lanƙwasawa: falle ɗaya ya buɗe a bangon gaɓar, ƙarfen waya ya kwanta a kan na bututu ba tare da sun narke sun haɗu ba. Wannan aibi sananne ne a MIG in aka rage wuta don a iya yin gefe da ƙasa, kuma eksire ba kullum yake kama shi ba. Ga shi silindar gas sai an yo odarta daga wata jiha, ranar da mota ta makara aiki ya tsaya. Matashin ya karɓi fallen ya jujjuya shi, ya ce a cire MIG daga lissafi. Na ga girmansa a ranar.

Gwajin sanda kuwa kallo ne. A nan sai na ɗan tsaya, domin mutane da yawa suna ɗaukar sandar walda duk ɗaya ce, bambancin kawai geji 10 ko geji 12. Wadda ake sayarwa a kasuwa ana yin ƙofa da taga da ita, E6013 ce: tana da sauƙin kunnawa, ɗinkinta na da kyan gani, amma ba ta nutsewa cikin ƙarfe sosai. Ta tushen bututu E6010 ce. Rufin jikinta na da sinadarin garin itace, shi ya sa in tana ci za ka ji ƙauri kamar an ƙona takarda. Wutarta na huda ƙarfe da ƙarfi, kashinta siriri ne, kuma iskar da ke fita daga rufin nata ita ke kare ta, don haka hunturu bai cika damunta ba. Sai dai ba ta aiki da ƙaramin taransifoman masu ƙofa. Tana son injin dizal mai ba da wutar DC.

Baba da wani yaronsa suka tsaya, ɗaya a kowane gefe, suka fara daga saman bututun suka gangaro. Na duƙa a bayansa da gilashi. Ya tura sandar cikin tsagar har hasken ya koma cikin bututun, ɗan rami zagayayye ya buɗe a gaban sandar yana tafiya da ita, ƙarfe na rufewa a bayansa. Ƙarar ma ta sauya, ta koma can ciki. Bai ɗago ba ya ce wa mai kula da inji, “Rage kaɗan,” domin ya ji ramin na neman faɗaɗa. Da suka haɗu a ƙasa, na shiga da tocila ta ɗaya bakin. Ɗinkin ya fito ciki daidai wa daida, kamar an zana. Ba a bar shi ya huce ba, aka gurza da giranda, aka bi da zagaye na biyu mai zafi wanda ke ƙone ragowar kashin, sannan ciko da rufi. Gaɓar ta ci duk gwaji. Ta kuma ci kusan awa biyu da rabi, kuma cikin masu walda goma sha biyu da ɗan kwangilar ya tara, huɗu ne kaɗai suka iya yin tushen da ya wuce. Da sanda zalla, damina za ta same mu a rami.

Hanya ta uku ta faɗi a gwajin farko. Fim ya nuna kashin maƙera a maƙale tsakanin zagaye da zagaye. Laifin ba na wayar ba ne. Wayar mai hoda, E71T-8, tana da sharuɗɗanta: ana juya mata igiyoyin wuta saɓanin yadda E6010 ke so, tana buƙatar inji mai riƙe ƙarfin wuta a tsaye, kuma in tsawon wayar da ke leƙowa daga bakin bindiga ya sauya, ɗinkin ya sauya. Yaranmu sun riƙe bindigar kamar sanda. Alhaji ya so a haƙura a koma sanda, a ƙaro mutane. Na roƙe shi mako biyu.

“Ranka ya daɗe, mako biyun nan za su dawo maka da riba. In ba su dawo ba, ni zan rubuta cewa shawarata ce.”

Ya yarda da ƙyar. Aka ware mutum shida suna koyo a kan guntaye daga safe zuwa la'asar. Abin da ya ba ni mamaki, Baba ne ya fi kowa naci, shi da ya ce sanda kawai. Ya gano cewa doguwar igiya daga inji zuwa rami tana cinye wuta, abin da agogon inji ke nunawa ba shi ke isa bakin bindiga ba, ya sa aka riƙa aunawa a kusa da gaɓa. Gwaji na biyu ya wuce, gaɓa ta sauko zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, ba rumfa, sai ɗan shamakin kwano a gefen iska saboda ƙura.

Abin da muka rubuta muka sa wa hannu shi ne: a miƙaƙƙen layi, mutum huɗun nan su yi gaba suna tushe da zagaye na biyu da E6010, 'yan waya na biye da su suna ciko da rufi. A inda bututun ya tsallaka kwari a kan ginshiƙai, da mahaɗar bawul, da duk wani gyara, a cike da sanda E7018 daga ƙasa zuwa sama. Ta fi jinkiri, amma haidurojin ɗinta kaɗan ne kuma ƙarfenta na jure jijjiga, ga shi kwarin Gombe ba abin wasa ba ne, ruwan Agusta ɗaya na iya cinye bakin kwari ya bar bututu yana ɗauke da nauyin kansa. Waɗannan wurare duka za a yi musu eksire. A sauran layin, gaɓa ɗaya cikin goma, ni zan nuna ta bayan an gama, kuma in ta faɗi a ƙara biyu daga aikin mutumin. Kowa ya rubuta lambarsa da fenti a gefen gaɓarsa. Kilo ɗaya na wayar ya fi na sanda tsada nesa ba kusa ba, amma da aka haɗa da dizal da kwanakin haya, ita ta fi araha.

Sandunan biyu ma kowace da halinta wajen ajiya, kuma sai da na maimaita wa mai sito har ya haddace. E7018 in an buɗe gwangwaninta sai ta zauna a akwatin ɗumi, wajen digiri 120, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, domin in ta sha laima haidurojin zai shiga ƙarfen ya tsaga shi bayan kwana ɗaya ko biyu. E6010 kuwa tana buƙatar 'yar laimar da ke jikinta. In ka gasa ta, ka kashe ta.

Kuskurena ya zo a watan Janairu. Rukuni biyu na bututu, kowane ya haura mita 200, suka zo haɗuwa da la'asar. Aka daidaita, aka yi tushe, magariba ta kawo jiki. Aka tambaye ni ko a bari sai gobe, na ce a bari. Da safe muka tarar da tsaga daga sama har kusan rabin gefe. Ƙarfe na miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kusan milimita 12 a kowace mita 100 in zafin ya sauya da digiri 10. Baƙin bututun da ya wuni a rana, ya kwana a sanyin hunturu, zai iya sauka da digiri 30. Mita 100 ta ja baya da kusan milimita 36 in ba abin da ya riƙe ta, kuma a daren nan siririn tushe ɗaya ne yake riƙe da rukunin biyu. Na san wannan lissafin tun ina makaranta, amma ban tuna shi a bakin ramin ba. Aka yanke gaɓar. Daga ranar ba a barin gaɓa ta kwana da tushe kaɗai, ana rufe tsakiyar bututu da ƙasa kafin a zo haɗin ƙarshe, kuma haɗin ƙarshe bayan sallar asuba ake fara shi, lokacin da ƙarfen ya gama tsukewa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo domin da gangan aka yi. A Fabrairu E6010 ta yanke kwana uku, mota ta lalace a hanya. Wani daga cikin masu kula da aiki, don kada a ce an zauna, ya aika aka sayo E6013 a kasuwa, aka juye a tsohon gwangwani. Ba eksire ne ya fara kama su ba. Baba ne, da ya dawo daga jinyar kwana biyu, ya tsinci guntun sanda a ƙasa, ya duba rufinta, ya kawo mini a tafin hannu bai ce uffan ba. Na shiga ciki da tocila. A gaɓa bakwai, akwai wuraren da bakin ƙarfen biyu ke nan yadda aka fiƙe su, walda ba ta iso ba. Daga waje kuwa ba ka ganin komai, 'yan waya sun rufe da kyau. Duk bakwai ɗin aka yanke a kuɗin ɗan kwangila. Alhaji bai yi musu ba, ya sallami mutumin, ya kuma ba da umarnin kada gwangwani ya buɗu sai a gaban mai sito.

Eksiren kansa da daddare ake yi, da sinadarin iridiyum 192 wanda tururin da yake fitarwa ke cutar da duk wanda ya matso kusa, kuma kamfanin da ke yi sai da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Igiya da jan ƙyalle ba su isa ba a wurin da yake burtali ne. Sai da muka je wajen mai unguwa da arɗo muka yi bayani, aka sa mana yara biyu masu jin Fulatanci suna tare hanya da fitila har a gama.

Aikin da ba a cika magana a kansa ba shi ne na ciki. Bayan kowace gaɓa ta wuce, wani zai rarrafa da bokitin kwaɓaɓɓen siminti ya cike taƙin da aka bari, in ba haka ba tsatsa ta nan za ta fara. A Maris, da zafin Gombe ya kai digiri 40, cikin bututun tanda ne. Muka hana shiga bayan ƙarfe goma sha ɗaya, muka sa fanka mai tura iska a baki, igiya a ƙugun mai shiga, da mutum ɗaya a waje wanda ba shi da wani aiki sai kiran sunansa. Ta waje kuma aka naɗe kowace gaɓa da rigar roba mai tsukewa in ta ji wuta.

Mun yi gwajin ruwa a ƙarshen Afrilu, kashi-kashi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ana cika sashe a hankali, a fitar da iska ta bawul ɗin tudu, a bar simintin ciki ya sha ya ƙoshi, sannan a matsa har ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi. A sashe na uku allurar agogo ta riƙa sauka a hankali. Muka bi layin a ƙafa, mu da Baba, muna duba duk inda ƙasa ta yi duhu. Yoyon a wajen bawul yake, robar da ke tsakanin faranti biyu ce ta goce lokacin ɗaure kusoshi. Aka sauke matsin, aka sauya ta, aka sake matsawa. Allurar ta tsaya cak har lokacin gwajin ya cika, na sa hannu a takardar a kan bonet ɗin mota, aka kwashe injin matsi zuwa sashe na huɗu.